Kuskure Na Goma Sha Biyu

Magarya, 21 ga Oktoba 1976

Hamsatu, farin cikina, sanyin idona, ruwan randa ga wanda ya yini a hanya! Ke ce inuwar gawo a tsakiyar bazara, ke ce ƙamshin ƙasa ran da aka yi ruwan fari, ke ce koramar da ke gudu ƙarƙashin rairayi, wadda matafiyi ba ya gani sai ya tona da hannunsa. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifin da ya san laifinsa. Ina fata kina lafiya, ke da Baba Manzo da Gwaggo Turai da matan da kike koya wa karatu a Dungas.

Kada ki ɗauka kalmomin nan na sama haka kawai suka zubo. Kin san aikina. Shekara shida ke nan ina gyaran rubutun jarida, hannuna ba ya yarda da kalmar da ban auna ba. Na fara rubuta "wata", sai na soke, domin hasken wata aro ne daga rana, waɗanda suka je can kuma ƙura da duwatsu suka tarar. Na rubuta "Zara", ita ma na soke, don littattafai sun ce ba tauraruwa ba ce, wata duniya ce mai zafin da ba abin da zai rayu a kanta. Gawo ne na kasa sokewa. Na duba shi ta kowane gefe: lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye shi yake yin kore, tumaki su kwanta a ƙarƙashinsa, geron da aka shuka a gindinsa ya ɗara na kewaye tsawo. Wannan kwatancen zan iya sa hannu a kansa a gaban kowa.

Yau kwana tara ban ji daga gare ki ba. Na ba Ɗantsoho direban kamiyo, babbar motar kaya, jaridar makon jiya da ƴar takarda a cikinta. Jaridar ta shiga ajinki, an gaya mini. Takardar kuwa ta dawo a naɗe yadda na naɗe ta, ko ƙullin zaren ba a taɓa ba. Ɗantsoho ya miƙo mini ita yana kallon tayar motarsa, kamar shi ya yi laifin.

Bari in maimaita abin da ya faru kamar yadda nake rubuta labari, da rana da wuri da waɗanda suka halarta, don in na karkace ki gyara mini.

Ran Talatar da motar sinima ta zo Dungas, mutumin da ya saba fassara wa jama'a Faransancin fim yana kwance da zazzaɓi, sai aka roƙe ni in bi motar in yi aikinsa. Na yarda tun kafin a rufe baki, kuma ba don sinima ba. An kafa farin ƙyalle a cikin siton gyaɗa, wanda tun shekarun fari gyaɗa ba ta sake cika shi ba, aka rufe ƙofofi bayan azahar, aka tottoshe tagogi da buhuna, domin dole motar ta koma Magarya kafin rana ta faɗi. Kwanon rufin duk ƴan huje-huje ne, hasken rana na sauka ta ciki siri-siri kamar allurai. Ɗaya daga cikin alluran nan a kan shuɗin kallabinki ta sauka, can gefen mata, kusa da Gwaggo Turai. Wallahi, Hamsatu, duk taurarin da aka nuna a ƙyallen nan babu wadda na kalla kamar yadda na kalli wannan ɗigon hasken!

Kin tuna labarin. Ƙasar wasu mutane ta bushe, ruwa ya ƙi sauka, sai aka ɗauki mutum bakwai aka sa su a jirgi su tafi wata duniya mai jar ƙasa su gwada shuka. Shugaban jirgin ya bar budurwarsa a bakin filin tashi, ya ce mata ta jira shi shekara biyu. Ya tafi, ya sha wahala, ya dawo da ƙuruciyarsa, ya tarar da ita tsohuwa mai furfura, shekara arba'in sun wuce a gida.

Aikina shi ne in faɗi abin da suka ce. Ni kuwa, da mikoro na ɗaga murya a hannu da kaye, littafin rubutuna, a kan gwiwa, na ƙara da abin da ba wanda ya tambaye ni. Da jirgin ya wuce yana ruri kamar hadarin Agusta, na ce wa jama'a wannan ba zai yiwu ba, can sama babu iska, inda babu iska kuwa ƙara ba ta tafiya. Da wuta ta kama bayan jirgin tana ci bal-bal, na ce wuta ba ta ci haka a inda ba iska. Da suka zuba shayi a kofi ya zauna lafiya lau, na ce ruwan ya kamata ya tashi ya yi ta yawo dunƙule-dunƙule. Duniyar tana da rana biyu, amma kowane mutum inuwarsa ɗaya; wannan ma na faɗa. Ina faɗa ina rubutawa da jan bik, har na kai goma sha ɗaya.

Gwaggo Turai ce ta fara gajiya. Daga cikin duhu ta ɗaga murya: "Kai Malam, mu dai gaya mana abin da Baturen ya ce. Naka ka ajiye, ma ji a gida!" Aka fashe da dariya. Can da aka nuna gonar da suka shuka a jar duniyar, hatsi ya yi zangarniya reras, sai Baba Manzo ya ce, "Malam Maharazu, ka ƙirga komai, amma ina tsuntsayen gonar nan? Ko su ma iskar ce ba su samu ba?" Siton ya ɗauka gaba ɗaya. Na yi dariya tare da su, na ji daɗi ma, don a raina na ce ga shi mahaifinki yana wasa da ni a gaban mutane kamar ɗansa. Ban lura cewa daga gefen mata akwai murya ɗaya da ban ji dariyarta ba.

Da aka buɗe ƙofa muka fito cikin hasken la'asar kowa na murza ido, na same ki a gindin gawon bakin siton, Gwaggo na gefe tana gyara lulluɓi. Na buɗe kaye ina alfahari kamar ɗan lakwal da ya zo na ɗaya a aji. Kika duba jerin, kika ce, "Mai jan bik, rurin jirgi ka ƙirga. To, kiɗan da ke tashi duk sanda jarumin ya shigo fa? Su wa ke kaɗa shi a cikin jirgin? Shi ba ka rubuta ba." Na ce kiɗa don mu masu kallo aka sa shi. Kika ce, "To rurin ma don mu aka sa shi. Jirgi ya wuce shiru, da rabin mutanen Dungas sun ce injin ne ya lalace." Na rufe kayen ina murmushi. Akwai macen da ta taɓa kayar da mutum har ya so a sake kayar da shi in ba ke ba?

Sai kika ce akwai babban kuskure guda da ban gani ba, a ƙarshen fim ɗin, wajen tsohuwar. Ni kuma, da saurin wanda ya karanta littafi, na katse ki. Na ce ai wannan ne kaɗai wurin da suka yi daidai. Na shiga bayani: wanda ke gudu kusa da saurin haske, lokacinsa na tafiya a hankali in aka gwada da na wanda ya zauna a gida, don haka shekara biyunsa na iya zama arba'in ɗinta. Har tsinke na ɗauka na zana miki layi biyu a ƙasa, dogo da gajere. Kika bar ni na gama. Kin iya barin mutum ya gama, Hamsatu. Wannan halin naki ya fi faɗa tsoratarwa.

Kika ce, "Na ji lissafin. Ba shi nake nufi ba. Tun farkon fim ɗin, tsohon malamin nan ya rubuta wa shugaban jirgin arba'in ɗin a allo, kai da bakinka ka fassara mana. Ya sani kafin ya tafi. Ya fito daga ɗakin ya same ta ya ce mata shekara biyu. Sannan a ƙarshe suna so mu yi masa kuka kamar abin ya zo masa ba zato. Ko masu fim ɗin sun manta abin da suka nuna, ko mutumin maƙaryaci ne. Wanne za ka rubuta?"

Na ce wataƙila bai so ya tayar mata da hankali ba kafin abin ya tabbata.

Kika dube ni, kika ce, "An karanta sunanka a radiyo, Malam. Mako biyu da suka wuce, cikin waɗanda suka ci konkur, jarrabawar shiga makarantar aikin jarida ta Dakar. Ina cikin aji, matan suka yi mini guɗa. Sau biyu ka zo gidanmu bayan nan." Kika ja hannun Gwaggo kuka tafi. Na tsaya da tsinke a hannu, layukana biyu a ƙasa, har wata akuya ta zo ta bi ta kansu.

Wannan shi ne labarin. In akwai inda na rage ko na ƙara, ja masa layi.

Yanzu bari in gaya miki dalilina, ba don ya wanke ni ba, don dai kina da haƙƙin saninsa. Ranar farko da na shiga aikin jarida, wanda ya koya mini ya ce kada in taɓa buga labarin da ban ga takardarsa da hatimi ba. Maganar baki na canzawa, radiyo na iya kuskuren suna, wanda aka ce ya ci yau gobe a ce an yi gyara. Na riƙe wannan doka shekara shida, ta tsare ni daga kunya sau da yawa. Da shugabana ya gaya mini na ci, kwana goma sha tara kafin ranar sinima, na ce a raina labari ne mai majiya ɗaya. Da radiyo ta faɗa, na ce saura takarda. Na zo gidanku sau biyu, na sha furar da kika dama, na ji Baba Manzo da kawuna Mainassara suna cewa da an gama ɗaure dammunan gero za a sa mana rana, na yi shiru ina jiran hatimi. Na ɗauke ki kamar masu karanta jarida, waɗanda ake kai wa labari bayan ya nuna. Ke kuwa a cikin labarin kike, rabinsa naki ne, tun yana ɗanye ya kamata ki ji shi.

Kuma tun da na yi alkawarin auna kowace kalma, ga sauran gaskiyar: dokar ta zo mini daidai da tsoro. Na ji tsoron fuskarki. Na ɓuya a bayan hatimi kamar yadda mutumin fim ɗin ya ɓuya a bayan "shekara biyu". Na ƙirga kuskure goma sha ɗaya a aikin mutanen da ban sani ba, na goma sha biyun yana cikin aljihun rigata.

Kin yi gaskiya game da fim ɗin, na yi kwana tara ina juya shi. Lissafin lokacin daidai ne, ba zan janye ba ko da za ki ƙara kwana tara. Amma labarin ya karye a inda kika nuna. Gyaransa kuwa bai fi layi ɗaya ba. Da ya fito daga ɗakin malamin ya ce mata, "Arba'in ne a wurinki, biyu a wurina, me kika gani?" In ta ce ya tafi, furfurarta ta zama abin da ta zaɓa da idonta a buɗe, kukanmu ya halatta. In ta ce ya zauna, su sami wani ya ja jirgin, fim ɗin ya gajarta, mutanen Dungas su koma gona da wuri. Ko ta yaya aka yi, da ba a sace mata shekarunta ba. Maganar rurin jirgi ma na ba ki rabi. Har yanzu na ce can sama babu ƙara. Sai dai a da a littafi na san haka, yanzu kuwa na zauna a wurin da ba ƙara kwana tara, na gane dalilin da ya sa masu fim suka kasa jure shi.

Wayyo Hamsatu, shirun nan! Injin buga jarida na ta ƙara a kunnena tun safe, kasuwar Magarya na ci, jakuna na kuka, ana sussukar gero a kowane gida, amma duk garin kamar an kife shi da ƙwarya. Ina gyara shafi sai in ga na karanta layi ɗaya sau huɗu. Shekaranjiya na bar kuskure biyu suka fita a shafin farko, ni da ake tsoron jan bik ɗina har Damagaram! Wa zai ƙara ce mini "mai jan bik" da wannan muryar da ke sauka a ƙarshe kamar guga ya taɓa ruwa? Wa zai karanta abin da na rubuta a gaban mata talatin, ya dawo ya ce mini, "Wannan kalmar ba wanda ya gane ta a Dungas, sauke ta ƙasa"? Tun da na san ki rubutuna ya koyi tafiya a ƙasa. Ke ce ruwan da ke kwantar da ƙurar kaina, ke ce gishirin hoge a miyar da ba ta da nama, ke ce tafkin da bai ƙafe ba a shekarar da duk tafkuna suka ƙafe. In na rasa ki saboda hatimi, wane littafi ne zai yi mini bayanin wannan wauta?

To, takardar ta iso jiya. Ga abin da ke cikinta, ba ragi ba ƙari. Karatun shekara biyu ne cur. Tashi ran ashirin ga Nuwamba daga Yamai. Hutu ɗaya ne a tsakani, mako shida, da damina. Ba a ba ɗalibi ɗakin da zai zauna da iyali, na tambaya tun kafin in rubuto miki. Wasiƙa daga can zuwa Dungas, in ta yi sauri, mako uku. Shekara biyun nan a wurina da wurinki tsawonsu ɗaya, jirgin da zan hau bai kai saurin da zai rage mini ko minti guda ba. Amma na san ba nauyinsu ɗaya ba. Ni zan ga teku da sababbin littattafai, ke za ki ga hanyar Magarya da kamiyon Ɗantsoho da bakin mutane masu tambaya.

Ina son in tafi. Ba zan ɓoye miki wannan ba, na gama ɓoye-ɓoye. Tun ina ɗan lakwal nake mafarkin makaranta irin wannan. Amma na auna su biyun a ma'auni ɗaya, na sake aunawa, kuma kowane karo gefenki ne ke taɓa ƙasa.

A aikinmu, in jarida ta yi kuskure, ba a ɓoye gyaran a shafin baya. Inda kuskuren ya fito, nan gyaran ke fita, da baƙaƙe masu girma ɗaya. Nawa kuskuren a gaban mutane ya fito: matan ajinki sun yi miki guɗar abin da ba ki sani ba, kika tsaya kina murmushin dole, Gwaggo kuma ta ji sauran a gindin gawo. Don haka ran kasuwar Dungas mai zuwa zan zo da Kawu Mainassara, da rana tsaka, in durƙusa gaban Baba Manzo in faɗi ranar da na sani da ranar da ya kamata in faɗa. In kin yarda, zan tsaya a ƙofar ajinki ma in gaya wa matan cewa malamarsu ba ta ɓoye musu komai ba, ni na ɓoye mata. Gwaggo Turai ta ce nawa in ajiye a ji a gida. To, ga shi zan kawo gida.

Ki duba cikin ambulan ɗin nan, bayan wannan wasiƙa akwai wata takarda mai hatimi biyu. Ita ce takardar kiran, ta ainihi, ba ni da wata. A ƙasanta akwai wurin sa hannu, ban sa ba. Dole ta koma biro, ofishin da ya aiko ta, da sa hannuna kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba a ba wanda ke bina a jerin. Ba tare da ita ba ko motar Yamai ba zan hau ba. Shugabana zai ce na haukace da na ba direban kamiyo irin wannan takarda. Na ja wa Ɗantsoho kunne ya sa ta cikin hularsa, kada ya miƙa wa kowa sai ke.

Hanya uku na gani, wataƙila ki ga ta huɗu kamar yadda kika saba. A ɗaura mana aure kafin in tashi, ki ci gaba da ajinki, in dawo miki da damina tare da shamuwa. Ko a sa rana a jira dawowata. Ko in zauna, in ci gaba da gyaran jaridar Magarya, kuma na rantse ba za ki taɓa jin na ambaci Dakar da nishi ba. Ki yi shawara da Baba da Gwaggo, ki yi da zuciyarki. In na zo ran kasuwa kika miƙo mini takardar, zan sa hannu a gabanki, da bik ɗin da kika zaɓa. In kika riƙe ta, ki sa ta ƙarƙashin faifan da kike rufe fura, ta yi wani amfani.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, ya hasken da ya sauko ta hujin kwano ya sami mazauni: kada wannan ta dawo a naɗe. Ki buɗe, ki karanta, ki ja layi a duk inda kika ga dama. Na aiko miki da jan bik ɗina ma, yana cikin ambulan ɗin. Tun jiya da shuɗi nake aiki.

Naki a Magarya, naki a Dakar in kin aike ni, naki a ƙarƙashin gawon Dungas in kin tsayar da ni, da ƙuruciya da furfura, a lokaci ɗaya da naki, har ranar da Mai lokaci zai rufe shafin,

Maharazu